Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƴan damfara a cikin wayar salula

Wasiƙun da suka zo mana wannan karon daga Tawa da kewayenta, galibinsu kuka ɗaya suke yi: an kira ni, an turo mini saƙo, kuɗina sun tafi. Mun zaɓi guda bakwai, mun cire sunayen masu su, domin wanda aka damfara kunya takan hana shi magana, ɗan damfara kuwa da wannan kunyar yake cin abinci. Amsoshin daga abokan aikinmu ne da suka san harkar aika kuɗi da tsaron waya.

Ina da shagon kayan masarufi a babbar kasuwar Tawa. Ranar Lahadi, kasuwa ta cika, saƙo ya shigo cewa an turo mini jika 45. Ba a yi minti biyu ba wani ya kira kamar zai yi kuka, wai kuɗin maganin mahaifiyarsa ne, ya yi kuskuren lamba ɗaya. Na mayar masa. Da yamma na duba, ashe nawa ne suka tafi. Yaya aka yi saƙon kamfani ya yi ƙarya?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Saƙon nan ba daga kamfani ya fito ba. Mutumin ya kwafi saƙon gaskiya ne, ya canja adadi da kwanan wata, ya turo maka kamar yadda ɗanka zai turo maka gaisuwa. Da ka dubi saman saƙon, mai yiwuwa da ka ga lambar waya ce mai alƙaluma 8 irin ta kowa, ba sunan kamfani ba. Sai dai kada ka dogara ga wannan alamar kaɗai, domin waɗanda suka ƙware suna da hanyar sa sunan kamfani ya bayyana a sama, har saƙonsu ya faɗa cikin jerin saƙonnin gaskiya da ke wayarka.

Shaida guda ce ba ta ƙarya: abin da ke cikin asusu. Ka kashe kiran, ka buga lambar duba kuɗi da hannunka ko ka buɗe manhajar kamfanin, ka ga ko kuɗi sun ƙaru. Aikin daƙiƙa 30 ne. Ranar kasuwa kuma ba a banza ya zaɓe ta ba. Ya san hannunka ɗaya na kan mudu, ɗaya na kan canji. Kukan da ya yi, da kiran da ya biyo saƙo nan take, duk don kada ka sami waɗannan daƙiƙu 30 ɗin ne.

To, in ka duba ka ga kuɗin sun shigo da gaske fa? Nan ma kada ka mayar da su da kanka. Akwai salon da ɗan damfara zai yaudari wata baiwar Allah ta tura kuɗi a lambarka, sannan ya kira ka ya ce nasa ne, ka tura masa a wata lamba dabam. Ranar da matar ta kai ƙara, lambarka ce a takarda, shi kuwa ya yi layar zana. Abin da za ka ce wa mai kira shi ne: "Je ka ofishin kamfani su janye kuɗin, ni ban taɓa su ba." Mai gaskiya zai tafi. Maƙaryaci zai fara zagi, ko ya haɗa ka da wani abokinsa da zai ce shi ma'aikacin kamfani ne, ya karanto maka lambobin da za ka danna "don a gyara kuskure". Waɗannan lambobin hanyar tura kuɗi ce ake bi da kai a makance, ƙarshenta a ce ka sa lambar sirri.

Ka riƙe wannan: lambar sirri ta fitar da kuɗi ce. Karɓar kuɗi ba ya buƙatarta. Ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, babu ma'aikacin da aikinsa ke buƙatar ka faɗa masa ita. Haka lambar da ake ba mai aika kuɗi a ofisoshi irin na NITA, Amana ko Al Izza: ita ce kuɗin. Wanda ya ce ka aika kuɗi da sunan ƙanenka ka ɗauki hoton takardar ka turo masa "don ya tabbatar kana da su", so yake ya riga ƙanen naka zuwa.

Ni tsohuwa ce, jikata ke rubuta mini. Ɗana yana bida a Abijan shekara huɗu. Da dare aka kira, wani ya ce abokinsa ne, mota ta kaɗe shi, likita ba zai taɓa shi ba sai an biya jika 150 kafin asuba. Har na ji murya kamar tasa tana kiran "Inna". Maƙwabcinmu ya hana ni sayar da tumakina. Washegari yaron ya kira lafiyarsa lau. Ina suka san sunansa da nawa?

Inna, sannunku da tashin hankali, kuma Allah ya saka wa maƙwabcin nan. Sanin suna ba wuya a ƙasar Adar, inda da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa a Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, ko Najeriya. Sunaye suna yawo a zaurukan WhatsApp na ƴan gari, a hotunan Facebook, a bakin wanda suka zauna ɗaki ɗaya da yaron can. Wani lokaci ma ku kuke ba su da bakinku. Mai kira zai ce "ɗanku ne ba lafiya", uwa ta ce "Wayyo, wane?" ta ambaci suna, shi ke nan ya samu.

Muryar da kuka ji, hanya biyu ce. Tsohuwar hanya, a sa wani ya yi nishi nesa da waya. Cikin dare, zuciya a tashe, kowace uwa muryar ɗanta za ta ji. Sabuwar hanya, akwai manhajojin da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun saƙon murya da ya taɓa aikawa. Lambar da ta fito a waya ma ba hujja ba ce. Ganin +225 na Kodebuwa ko +218 na Libiya bai nuna mai kiran yana can ba. Da WhatsApp mai lambar waje ana iya kira daga unguwar da ke bayanku.

Idan haka ta sake faruwa, ku ce "to, na ji", ku kashe. A kira yaron a lambarsa da kuka sani. In ba ta shiga, a kira mai masaukinsa ko wani ɗan garinku da ke can. Shi ya sa ya kamata kowane gida ya ajiye lambobin mutum biyu ko uku da ke zaune kusa da ɗansu. In mai kiran ya dawo, ku yi masa tambayar da ba ta cikin waya: wane suna kakarsa ke kiransa da shi? Wace gona ya noma daminar da zai tafi? Kuma ku lura da lambar da aka ce a tura kuɗin: mara lafiya yana Abijan, amma kuɗi za su faɗa a wata lambar +227 mai sunan wanda ba ku taɓa ji ba.

Ba za mu ɓoye muku ba, ta ɓangaren Libiya wani kiran gaskiya ne. Akwai wuraren da ake tsare ƴan bida ana matsa wa iyaye su biya, waɗanda matafiya ke kira gidan bashi. Mazambata sun san wannan tsoron, suna hawa kansa. Ko a nan ɗin, kada a tura ko dala sai an yi magana da yaron kai tsaye ya amsa tambayar gida, kuma a sanar da hukuma.

Wani abokina ya rubuto mini a WhatsApp cewa ya yi kuskure ya tura wata lamba a wayata, in karanto masa. Na ba shi. Yanzu WhatsApp ɗina ya rufe, ana ta roƙon mutane kuɗi da sunana, har surukina ya tura. Ni ɗalibi ne a jami'ar Tawa.

Ɗan'uwa, wanda ya rubuto maka ba abokinka ba ne. An riga an sace nasa, da shi aka kamo ka, da naka kuma za a kamo na gaba. Ga yadda abin yake. Duk wanda ya sa lambarka a sabuwar waya, WhatsApp zai aiko da alƙaluma 6 zuwa layinka don ya tabbatar kai ne. Ɓarawon ya sa lambarka a tasa wayar, alƙaluman suka zo maka, ka miƙa masa mabuɗi.

Maganin yana hannunka muddin layin yana hannunka. Buɗe WhatsApp, sa lambarka, nemi sabbin alƙaluma 6, shigar da su. Da ka shigar, an fitar da shi. Inda ake samun cikas shi ne idan ya riga ya ɗaura nasa makullin na biyu: za a tambaye ka wata lambar da ba ka sani ba, sai ka jira kwana 7 kafin ka shiga. Amma ko a cikin jiran nan shi ma yana waje. Wani cikas ɗin, yakan yi ta neman alƙaluman da gangan har a ce sai bayan wasu awoyi. Ka duba lokacin da aka rubuta, ka kasance a shirye da ya cika.

Kafin nan, ka kira mutanenka da baki, ka fara da waɗanda za su iya tura kuɗi ba tambaya: iyaye, surukai, abokan ciniki. Ka sa wani ya sanar a kowane zaure da kake ciki, masu kula da zauren su cire lambar har ta dawo. Tsofaffin hirarrakinka suna cikin wayarka, bai gan su ba, amma yana ganin zauruka da lambobin duk waɗanda ke ciki, can yake farauta.

Ranar da ka dawo, kafin ka gaisa da kowa, shiga Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, ka ɗaura naka makullin, ka haɗa da adireshin imel. Kada ka sa shekarar haihuwarka. Sannan ka duba Appareils connectés, ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba.

Akwai wata dabarar da ba ta buƙatar ka karanto komai. Za a ce ka buga **21* sai wata lamba sai #, wai don ka sami kyautar intanet. Wannan karkatar da kiranka ne zuwa wayarsu, daga nan su nemi WhatsApp ya karanto alƙaluman ta kiran murya. Buga *#21# ka ga ko an karkatar da layinka. ##002# yana soke duk wata karkatarwa.

Ni malamar makaranta ce a Ƙonni, albashina ta banki yake zuwa. Na sami imel mai tambarin bankina, wai za a rufe asusuna cikin awa 24 in ban sabunta bayanaina ba. Shafin da ya buɗe sak na bankin, har da ɗan kwadon nan a sama. Na tsaya ban cika ba. Na yi daidai?

Kin yi daidai, Malama. Tambari hoto ne, kowa na iya kwafarsa. Kwadon kuma ba shaidar gaskiya ba ne. Abin da yake nufi kawai, babu na uku da ke leƙen abin da ke tsakaninki da shafin. Shafin ɓarawo ma yana samun kwado, kyauta.

Abin dubawa shi ne adireshin, kuma yana da yadda ake karanta shi. Ki tsallake https:// in akwai shi a farko, ki nemi karkataccen layin nan na farko, wato /, ki karanta abin da ke daf da shi ta hagu. Misali, a ce adireshin bankinki bankinki.ne ne. Idan kika ga bankinki.ne/shiga, gidansu ne. Idan kika ga bankinki.ne.gyara-asusu.com/shiga, mai gidan shi ne gyara-asusu.com, sunan bankin allo ne kawai aka kafa a ƙofa. Suna kuma musanya harafi: sifili a wurin o, ko r da n a jere su yi kama da m. A waya, ki ɗora yatsa a kan shuɗin rubutun ki riƙe ba tare da kin saki ba, adireshin ainihi zai fito. Sunan mai aikowa ma ki taɓa shi ki ga abin da ke bayan alamar @. Banki ba ya aiko da wasiƙa daga gmail.com. Da wannan ma'aunin za ki auna saƙonnin "tallafin gwamnati" da ake cewa a tura wa zauruka goma kafin a biya: shafukan gwamnatin Nijar da gouv.ne suke ƙarewa.

A da, Faransancin ƴan damfara kan tona musu asiri da kurakurai. Yanzu na'ura ke rubuta musu, tsaf, don haka kyan rubutu ya daina zama shaida.

Da kin cika, abin da suke nema shi ne alƙaluma 16 na fuskar kati, ranar ƙarewarsa, alƙaluma 3 na bayansa, sai lambar da banki zai turo miki ta saƙo. Da ukun farko ana iya sayayya a intanet ba tare da katin ya bar jakarki ba. Ta huɗun ita ce ƙofar ƙarshe, shi ya sa sukan kira da kansu suna neman ta. Wanda ya riga ya cika, ya kira lambar da ke bayan katinsa a toshe shi nan take, ya canja kalmar sirri, har da ta imel in iri ɗaya ce. Kuma duk abin da aka turo wanda sunansa ya ƙare da .apk, ko an ce katin gayyatar biki ne, kada a buɗe. Manhaja ce, in ta zauna a waya tana iya karanta saƙonnin banki.

Lambobin ƙasashen waje suna kirana sau ɗaya su katse. An ce in na ɗauka za a kwashe kuɗina. Gaskiya ne?

Ɗauka kaɗai ba ta kwashe kuɗin asusu, Malam. Tarkon yana wurin mayar da kira: lambobi ne masu tsadar gaske, kowane minti ana cin kuɗin wayarka, wani kaso na shiga aljihun mai lambar, shi ya sa za ka ji an sa maka kiɗa ko ana ta "dakata kaɗan". Kada ka mayar, ka toshe. Mai nemanka da gaske zai sake kira.

An sa ni a wani zaure inda ake zuba jika 100 a karɓi ribar kashi 30 cikin 100 duk wata. Ƙawata ta karɓa sau biyu a gabana. In sa kuɗin adashena?

Hajiya, mu yi lissafi. Jika 100 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata, in ba a taɓa ba, a wata 12 sun haura miliyan 2 da jika 300. Wace sana'a ce ke ninka jari sau 23 a shekara? Ko albasar Galmi a shekarar da ta fi tsada ba ta yi. Mai irin wannan sana'a kuma me zai yi da jika ɗarinki?

Ƙawarki ta karɓa da gaske, amma ba riba ba ce, kuɗin waɗanda suka shigo bayanta ne. Biyan farko shi ne tsaba da ake watsa wa kaji. Haka wata ƙungiyar zuba kuɗi mai suna MMM ta yi a Najeriya, da wannan alƙawarin na kashi 30 a wata, har ta daskarar da asusun mutane a Disambar 2016. Bambancinsa da adashe a fili yake: a adashe kin san kowa, abin da aka zuba shi ake kwasa, babu wanda ya ce kuɗi za su haihu. Ki tambaye su takardar izinin karɓar ajiyar jama'a. Bankuna da asusun bashi na gaskiya suna ƙarƙashin dokokin BCEAO, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, suna da ofis da za ki iya shiga. Alamar mutuwar irin wannan zaure guda ce: ranar da aka ce sai kin biya "haraji" kafin ki cire kuɗinki.

An riga an cuce ni jika 200 da sunan kujerar Hajji mai rahusa. Akwai abin yi, ko in bar wa Allah?

Ka bar wa Allah, Baba, amma ku kai ƙara. Ba za mu yi muku romon baka ba: kuɗin da aka riga aka cire da wuya su dawo. Damar tana cikin awoyin farko, kafin a fitar da su daga asusun da suka faɗa. Don haka matakin farko ofishin kamfanin da aka bi aka tura, da lambar shaidar aikawa, a nemi su riƙe kuɗin. Na biyu, ofishin ƴan sanda ko na jandarma mafi kusa. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019, kuma ƴan sandan bincike a Yamai suna da sashe na musamman kan wannan aiki.

Kada ku share komai don haushi. A ɗauki hoton duk hirar, lambar mai kiran ta fito a jiki, da ranaku da lokuta, da takardar aikawa, da saƙonnin murya. Sau da yawa layin da aka yi aikin da shi an yi rajistarsa da katin wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya sa ba a ba kowa aron katin ɗan ƙasa ya sayi layi. Maganar kujera kuma, hukumar COHO ce ke kula da aikin Hajji da Umra. Kafin a biya kowane kamfani, a tabbatar yana cikin waɗanda ta amince da su, a biya a ofis, a karɓi takarda mai hatimi.

Ku sa ran wani kiran nan da ƴan kwanaki. Wani zai ce shi jami'i ne ko lauya, an kama ɓarawon, kuɗinku suna hannu, sai dai ku turo jika 20 na buɗe takardu. Su ne dai, ko waɗanda suka sayar wa lambarku. Ku tambaye shi sunan ofishinsa, ku ce kuna tafe da ƙafarku, sannan ku ƙara lambarsa a cikin takardun ƙarar.